Hannu Mai Cindo a Bangon Gabas

Duk unguwar Hausari babu wanda bai san gidan Inna Hajaratu ba, don shi ne ya fara ɗaukar rufin kwano a wajen, tun lokacin da Turawa ke fama da gyaran hanyar motar da ta ratsa Fataskum ta nufi Yerwa. Ɗaki ɗaya tak aka yi wa kwanon, amma yadda aka yi ta zuwa kallo sai ka ce masallacin Juma'a aka buɗe. Babban ɗanta Shehu ne ya gina mata shi da ribar fatu. Jikin ɗakin ƙasa ce irin ta kowa, tubali da yaɓe. Rufin ne ya yi doro, bangon gabas ya tashi ya yi tsini a sama don ya tare kwanon. A kan wannan tsinin Shehu ya ɗora rawani, wato leɓen da magina ke yi wa kan bango don kada ruwa ya ci shi. Sai dai ba na laso ya yi ba irin na iyaye da kakanni. Na siminti ya yi, domin Shehu mutum ne da in ya ga sabon abu ba ya samun barci sai ya taɓa.

Da kansa ya hau, ana gobe zai bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Kuma da yake a wurinsa duk abin da aka kwaɓa da ruwa yaɓe ne, sai ya sa hannu tsirara ya yi ta shafawa kamar yadda ake yi da ƙasa. Da ya gama ya danna tafin hannunsa na dama a daidai tsinin, ya leƙo ƙasa yana dariya ya ce, “Inna, ga hannuna na bar miki. Kada kowa ya taɓa shi sai na dawo.” Hannun Shehu kuwa ba ya ɓata, don yana da cindo, ɗan yatsa na shida a gefen ƙaramin. Kafin magariba simintin ya cinye masa tafi, fatar ta yi ja ta tsage. Inna ce ta zauna ta shafa masa man kaɗe, tana yi tana faɗa, ba ta ko kalli fuskarsa ba. Washegari ya tafi da hannu naɗe da tsumma.

To, Shehu ɗan fari ne, su kuma mutanen Kano ne asali, masu kunyar ɗan fari har ta yi yawa. Inna Hajaratu ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan”, in ranta ya yi daɗi ta ce “mutumin”. Da ya tafi sai ya koma “mai tafiya”. Labarinsa ya zo daga Yerwa, ya zo daga garin Fallomi can ƙetaren iyaka, daga nan shiru. Damina ta bi damina. Waɗanda suka tafi tare da shi wasu suka dawo da gemu fari, suka ce a wani gari cikin Sudan suka rabu, ya tsaya aikin auduga ya ce zai biyo baya. Inna ta saurare su, ta ba su ruwa, ta sa musu albarka. Ba ta yi kuka ba. Ai ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane, balle wanda ba a ce ya mutu ba.

Abu ɗaya kawai take tambaya, duk bayan ruwan sama. Matar maƙwabcinsu, Aisa, takan hau soronsu shanyar kuɓewa da barkono, kuma daga can ana hango tsinin bangon. Inna sai ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce, “Aisa, yana nan?” Aisa ta ce, “Yana nan, Inna, da yatsunsa shida.” Shi ke nan, ranar tsohuwa za ta ci tuwo da yawa.

Babaji shi ne ƙanin Shehu, shi ya gaji sana'ar fatun, shi ya gaji ciyar da gidan, shi ya gaji duk wani abu da ba a gode wa mutum a kansa. Mutum ne mai sanyi, mai yawan lissafin abin da zai iya lalacewa, irin wanda in ya sayi tulu sai ya ƙwanƙwasa shi har mai tulun ya ji haushi. Shi ya fara ganin tsagar. Ta faro daga gefen hagu na rawanin, siririya kamar zare, wata damina ta buɗe har ana iya zura tsinke, wata daminar kuma yatsa. Kuma ya san abin da ake nufi. Siminti da ƙasa ba sa ga maciji: rana ta buga, wannan ya miƙe, wancan ya tsuke, sai su saki juna. Ruwa ya samu ƙofa ya shige ta baya, ya yi ta cin ƙasar a ɓoye, daga waje kuwa rawani yana nan fes. Ga shi a Fataskum ruwa daga gabas yake zuwa, da iskarsa da fushinsa. Ga shi a gindin wannan bangon gadon Inna yake, a nan buzunta na salla yake, tunda nan ne alƙibla, nan ne kuma inda mai tafiya ya nufa.

Daminar bara ce ta tsorata shi sosai. Bangon ya jiƙe daga ciki tun daga sama har tsawon mutum, ƙasa ta riƙa zubowa kan buzun kaɗan-kaɗan. Ya ce, “Inna, ki koma ɗakin Ummuhani kafin a gyara.” Ummuhani matarsa ce. Inna ta ce, “A gyara me?” Ya ce rawanin. Ta dube shi ta ce, “Wanda ya ce kada a taɓa, ya dawo ne ban sani ba?” Ya ce, “Inna, bangon zai faɗo.” Ta ce, “Babaji, in kana son mu rabu lafiya, ni da kai, duniya da lahira, kada in ji an jingina tsani a bangon nan.” Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga ma da ya fi masa sauƙi.

Ya je wurin magina biyu, kowanne ya ce Allah ya sawwaƙe, ba da shi za a hau bangon da tsohuwa ta ja wa layi da baki ba. Ɗayan har ya ƙara da cewa ai ya ji ana cewa bangon yana magana.

Yana maganar kuwa, in dai magana ce. Da bazara, in iskar gabas ta fara motsi wajen azahar, sai a ji wani gunji can ƙasa-ƙasa yana fitowa daga saman bangon, irin na mutumin da ya rufe baki yana rera waƙa a maƙogwaro. Haka Shehu yake yi in yana shanya fatu, kowa a gidan ya sani. Babaji ya san iska ce ke shiga tsagar ta samu rami a ciki. Ya sani sarai. Amma sanin bai taɓa hana tsikar jikinsa tashi ba, musamman in ya leƙa ya tarar da Inna zaune a kan buzu, ta karkata kai, bakinta na motsi kaɗan, fuskarta ta yi wani haske da shi bai taɓa samu ta yi masa ba. Wannan yana ci masa rai, ba zai ɓoye wa kansa ba. Yana nan kullum, shi ke kawo goro, shi ke kawo nama ranar kasuwa, amma ramin da ke cikin bango ya fi shi samun hira.

Bana da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa, gunjin ya ƙara kauri. Babaji ya sa kunne a bangon ta waje ya buga da tafi, ya ji yana amsawa kamar ganga. Sai ya nufi wurin abokinsa Ari, Bangizime, wanda ke lebura a wurin masu gina kwalbatoci a kan hanyar mota. Ari ya saurare shi yana tauna goro, ya ce da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, “Uwarka ya sani?” Babaji ya ce a'a. Ari ya ce, “To ni babu hannuna. Amma in za ka yi, ka haɗa da yashi mai tsabta, ka jiƙa wurin tukuna. Kuma kada ka sa hannu irin na wanka Shehu, wannan ba ƙasa ba ne, yana cin mutum.” Ya ara masa cokalin birkila da kwanon sarki, ya raka shi kanti ya auno simintin. Da za su rabu ya ce, “In ya kama ya kama fa. Ba ya jin lallashi.”

Dabarar Babaji mai sauƙi ce, kamar dai yawancin dabarun da ke jefa mutum cikin uku. Ba zai taɓa hannun ba. Tsagar kawai zai cike, ya shafe, ya sauko, ya mayar da tsani. Hannu yana nan, bango ya tsira, Inna ba ta sani ba, kowa ya huta. Ya jira ranar da ake suna a unguwar Dogo Nini, gidan Fanne ƙawar Inna tun ƙuruciya. Da hantsi Inna ta yafa mayafi, Ummuhani ta ɗauko ƙwaryar gudummawa ta bi ta a baya, suka fita. A bakin zaure tsohuwar ta tsaya ta waiwayo, ba shi ta duba ba, saman bangon ta duba, sannan ta wuce.

Gidan ya yi tsit. Ko kajin sun shige ƙarƙashin rumbu saboda zafi. Aisa ma tana can wurin sunan, soronsu babu kowa. Babaji ya kwaɓa simintin a kwanon sarki, ya ɗauko buta, ya jingina tsani a bangon da aka ce kada ya jingina, ya yi bisimilla ya hau.

Tun ranar da aka yi rawanin bai taɓa ganin hannun a kusa ba. Ga shi nan, ya yi fari saboda rana, ƙarami fiye da yadda yake zato. Har layukan tafin sun fito. Tsagar ta taho daga hagu ta ratsa daidai wuyan hannun ta wuce, kamar an yanke shi. Babaji ya tsaya yana kallo, sai ya tuna yadda wannan hannun ke kama masa kunne in ya yi ɓarna, da yadda yake ɓare masa gyaɗa. Bai san lokacin da ya ɗora nasa a ciki ba. Simintin yana da ɗumi, abin da ba na mamaki ba ne a rana irin wannan. Yatsunsa biyar suka zauna daram a gurbinsu. Gurbi na shida ne ya rage babu kowa, ya kai ƙaramin yatsansa ya taɓa, sai ya ji sanyi. Ya janye ya duba. Ruwa ne, ɗan kaɗan, kwance a gurbin cindon. Rabon garin da ruwan sama tun kaka, kuma bai buɗe butarsa ba tukuna.

Ya karanto duk abin da ya zo bakinsa. Ya ce raɓa ce, ko da yake ya san babu raɓar da za ta kai hantsi a kan siminti da bazara. Ya ce to tsuntsu ne. Sannan ya daina ce wa kansa komai, ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a tsagar kamar yadda Ari ya ce.

Ruwan bai tsaya ba. Ya shige, ya yi ta shigewa, Babaji yana jin saukarsa can ciki kamar ana zuba shi a rijiya. Ya zura bakin cokalin don ya kankare gefen tsagar, ya ɗan danna. Iyakar abin da ya yi ke nan, wallahi, ɗan dannawa. Sai tsinin rawanin gaba ɗaya ya motsa, ya saki bangon ba tare da ko ƙara ba, ya sulalo ya zauna masa a ƙirji. Da bai rungume shi ba da su biyun sun tafi ƙasa. Daga ramin da ya buɗe wata iska mai sanyi ta fito ta bugi fuskarsa, doguwa, a hankali, kamar ajiyar zuciyar wanda ya daɗe yana riƙe da numfashi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa take yi, irin wanda ake ji in an haƙa kabari da damina. Daga nan shiru.

Ya leƙa. Babu bango a ƙarƙashin rawanin. Ɓawo ne kawai ta waje da ɓawo ta ciki, tsakiya ruwa ya cinye, rami har hannunsa bai taɓo ƙarshe ba. Ta wata 'yar kafa yana hango buzun Inna a ƙasa, da carbinta a kai. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa. Nan Babaji ya ji tsoro iri biyu sun haɗu a cikinsa, na abin da ya kusa faruwa da na abin da ya riga ya faru, ya rasa wanne ya fi.

Ya sauko da guntun rawanin a ƙirji, hannun Shehu na kallon sama, ya kai shi ɗakin fatu ya tura bayan tarin ƙiraga. Sannan ya kama aiki kamar mahaukaci. Ya yi ta hawa da sauka da gutsattsarin tubali da duwatsu, yana cusawa a ramin yana dannawa da taɓarya har ya cika. Ya ƙara kwaɓi, ya ɗora sabon rawani, ya shafe da cokali. Aikin bai yi kyau ba, ya karkace ta dama, amma ya toshe. Yana gamawa ya ɗago kai ya ga soron su Aisa, da tabarmar shanyarta a naɗe a gefe. Ruwan farko na sauka Inna za ta ɗaga murya ta kan katanga, Aisa kuma ba ta iya ƙarya ba ko ta wasa.

To, me za ka ce da mutumin da ya tsorata? Babaji ya dubi tafinsa na dama, ya dubi ɗanyen simintin, ya danna. Ya ji sanyinsa ya shiga tsakanin yatsunsa. Ya cire, ya karyo tsinke daga tsanin ya zana gurbi na shida a gefen ƙaramin yatsa, ya gyara bakinsa da kyau. Daga soron Aisa babu mai rabewa. A ransa ya ce in ma abin bai yi ba, gobe ya jiƙa ya shafe, kamar yadda ya saba yi wa yaɓe tun yana yaro. Maganar Ari ta bi iska.

Ya mayar da tsani, ya wanke kwanon sarki, ya share tsakar gida har inda bai ɓata ba. Yana alwalar azahar ya ji sallama a zaure. Muryar Inna ce. Ba a tashi daga suna da azahar, ko abinci ba a raba ba. Ta shigo, Ummuhani na biye da ita da ido jajir tana yi masa alamar ita ma ba ta san dalili ba. Tsohuwar ta tsaya a tsakar gida. Iskar gabas ta taso daidai lokacinta, ta kaɗa mayafinta, ta kaɗa ganyen darbejiya, ta bi ta kan kwano. Inna ta karkata kai tana saurare. Babu gunji. Suka tsaya su uku suna sauraren bangon da ya yi shiru.

Ba ta dubi sama ba. Ta ce, “Ina ka ajiye shi?”

Babaji ya durƙusa. Ya ce, “Inna, ki yafe mini. Rami ne a ciki, wallahi rami ne, ina hango buzunki ta…”

Ta ce, “Ban tambaye ka ba. Muna zaune a ɗakin mai jego, ana ta hayaniya, na ji an yi sallama a bakin ƙofa. Na amsa. Fanne ta ce da wa nake, babu kowa. Ni kuwa na san muryar da na haifa.” Ta juyo ta dube shi. “Ba sallamar shigowa ba ce. Ta tafiya ce. Ɗauko mini shi.”

Ya ɗauko. Ta zauna a bakin ƙofarta ta miƙe ƙafafu, ya ɗora mata a cinya. Ta ce Ummuhani ta kawo ruwa a ƙwarya, da farin ƙyallen da ke ƙasan adakarta, wanda kowa ya san na me ta ajiye shi. Ta wanke guntun simintin a hankali, yatsa bayan yatsa, ta fara da dama kamar yadda ake yi wa gawa. Da ta zo kan cindon ta daɗe. Sannan ta ɗora tafinta a cikin nasa, ta buɗe baki ta ce, “Shehu.”

Ummuhani ta toshe baki da mayafi. Babaji bai taɓa jin sunan a bakin uwarsa ba, sai ya ji kamar wani baƙon suna ne. Ta sake cewa, “Shehu. Shehuna.” Kukan da ta riƙe tun yana jariri ya ɓalle, babu kunya, babu sassauci, har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Babaji yana durƙushe yana jiran kalmar da ta yi masa alkawari, ta rabuwa duniya da lahira. Da ta lafa ta naɗe hannun a farin ƙyallen ta ce, “Je ka gaya wa liman a yi masa addu'a. A sanar da mutane. Ɗana ya rasu.”

Ya miƙe zai tafi, ta kira shi. Ta kama hannunsa na dama, wanda ya fara yin ja yana zafi, ta juya tafin ta duba. Ya ce da sauri, “Kwaɓin ne, Inna. Garin kwaɓi ne.” Ta ce Ummuhani ta miƙo man kaɗe. Tana shafa masa tana kallon fuskarsa, abin da ba ta yi wa wancan ba, ta ce, “Na yafe maka, Babaji. Allah ya yi maka albarka. Kai kaɗai ka rage mini.” Ya ji wani abu ya narke a ƙirjinsa wanda bai san ya daskare ba. Sai ta ƙara da cewa, “Allah dai ya sa ba ka bar naka a can ba. Bangon nan gabas yake kallo. Wanda ya ba shi hannu, janye shi yake yi.”

Ya ce, “Ban bari ba, Inna.”

Ta ce, “Madalla.”

Yinin ranar bai samu kansa ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, 'yan fatu suka zo, mutanen Fanne suka taso daga wurin suna suka zo da sauran abincin, har wasu daga Fika da suka shigo kasuwa suka ji suka tsaya. Kowa ya miƙo hannu ya ce Allah ya jiƙan Shehu, Babaji ya ba da tafinsa mai zafi ya ce amin, idonsa na kan tsinin bangon. Ari ya zo ya yi gaisuwa, ya ɗaga kai ya dubi aikin, ya dubi Babaji, ya girgiza kai ya zauna.

Sai da gari ya waye, Inna na ɗaki tana lazimi, sannan ya lallaɓa ya jingina tsanin a hankali ya hau da buta. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, iska ta ɗauke ɗif. Ga hannun nan, sabo, mai ruwan toka, yatsu biyar nasa da na shida na ƙarya. Ya tsiyaya ruwa ya sa tafi ya murza. Ruwan ya gangare ya bar shi yadda yake. Ya sake jiƙawa ya murza da ƙarfi har fatarsa ta ɗaye. Ya sa bakin cokali ya kankara, ya ji ƙarar ƙarfe a kan dutse, ya tsaya cak don kada ta ji. Ya kama. Babu hanyar cire shi sai da guduma, in kuwa ya sa guduma sabon rawanin zai tsage, ƙasar da ya cusa jiya ba ta gama zama ba, ga hadari a kansa, ga tsohuwa a gindin bangon da carbi a hannu.

Ya daɗe a kan tsanin. Ya tuna motar Kano da zai bi da fatu bayan sadakar uku, da doguwar hanya, da gadojin da ruwa ke ɗaukewa. Ya tuna Aisa da bakinta. Zai roƙe ta, in Inna ta tambaya ta ce rawanin sumul yake, babu hannu, ko da yake ya san Inna ba za ta ƙara tambaya ba. Ɗigon farko ya sauka, mai nauyi, ya faɗa daidai gurbin da ya zana da tsinke, ya kwanta a ciki.

Daga ƙasa ya ji muryarta. Ta fito bakin ƙofa, ta kare ido da hannu tana kallonsa.

Ta ce, “Me kake yi a can kuma?”

Ya ce, “Dubawa nake, Inna. Ya kama. Ba zai zuba ba.”

Ta ce, “To sauko hakanan, ruwa ya zo.”

Haka ta ce da Shehu ranar da ya yi rawanin, da wannan muryar, Babaji yana tsaye yana riƙe da tsani. Ya ɗora tafinsa a cikin hannun sau ɗaya, ya ji ya zauna daram. Sannan ya ɗauki butarsa ya fara saukowa, ruwa na dukan bayansa.